Ƙasashen Zaman Lafiya da Littattafan Kisan Kai

A can ƙuryar arewacin Turai akwai waɗansu ƙasashe uku maƙwabtan juna, Suwidin da Norwe da Denmak, waɗanda a ke haɗa su da suna guda, watau Sikandinabiya. In ana zancen littattafai, a kan ƙara musu da Finland da tsibirin Aisland. Ƙasashen sanyi ne ƙwarai. Da hunturu ƙanƙara ta kan rufe ƙasa wata da watanni, rana kuwa ba ta daɗewa a sama. A Istokholm, babban birnin Suwidin, yinin watan Disamba bai wuce awa 6 da 'yan mintoci ba, sauran duk duhu ne. Mutanensu ba su da yawa, don Suwidin da ta fi sauran jama'a miliyan 10 ne da ɗoriya gare ta. Amma ga arziki, ga ilmi, ga zaman lafiya. Rabon Suwidin da yaƙi tun shekarar 1814. Kisan kai kuwa kaɗan ne: a Suwidin kusan mutum 100 a ke kashewa a shekara, a Norwe galibi ba su kai 50 ba.

To, abin mamaki, daga waɗannan ƙasashe ne littattafan kisan kai da binciken 'yan sanda suka fito suka cika duniya, har aka juya su cikin harsuna da dama, aka sayar da miliyoyi. Mai karatu zai ce, yaya mutanen da ba su cika ganin jini ba suka fi kowa rubuta labarinsa? Ruwa dai ba ya tsami banza. In muka bi tarihin abin daga tushe, za mu ga dalili.

Tushen yana Denmak. A shekarar 1829 wani limamin Kirista mai suna Steen Steensen Blicher ya rubuta wani ɗan gajeren labari, Limamin Vejlbye, wanda ya tsamo daga wata shari'a ta gaskiya da aka yi a ƙasar cikin 1626. Ga yadda ya tsara shi. Akwai wani limami, mutumin kirki amma mai saurin fushi, yana da 'ya kyakkyawa. Wani attajirin manomi ya nemi aurenta, limami ya hana shi, aka yi alkawarinta da alƙalin yankin. Manomi ya ƙullace shi. Sai ya tura ƙanensa ya kama aikin barantaka a gidan limami, da nufin ya riƙa tsokanarsa. Ran nan fushi ya kwashe limami, ya buga wa baran shebur, baran ya sheƙa daji, ba a ƙara ganinsa ba. Can sai shaidu suka zo suka ce sun ga limami da dare, sanye da rigarsa ta barci, yana haƙa rami a lambunsa. Aka tona, sai ga gawa da tufafin baran, fuska ta dagargaje.

Wanda shari'ar ta faɗo a hannunsa shi ne alƙalin nan mai neman 'yar. Limami kuwa ya san yana da lalurar tafiya cikin barci, saboda haka da shaida ta yi masa yawa, sai ya yarda a ransa lalle shi ya aikata bai sani ba. Ya amsa laifi, aka fille masa kai. Bayan shekara kamar 20, sai ga wani almajiri ya shigo gari. Ashe baran ne, da ransa. Wansa ne ya tono gawar wani, ya sa mata tufafin, ya saci rigar limami ya binne ta da dare.

Ku lura da abu guda cikin wannan labari, gama za mu sake gamuwa da shi. Babu wani gwani da ya zo ya warware ƙulli a kan kari. Hukuma ta bi ƙa'ida daki daki, da shaidu da rantsuwa, amma ta kashe marar laifi. Tun ran farko, marubutan arewa ba su cika sakankancewa da hukuma ba.

Bayan wannan sai abin ya bi hanyar da ya bi a Ingila, inda Sherlock Holmes ya yi suna. Labarin ya zama kamar kacici-kacici: an sami gawa a gidan wani mai hali, ga mutum bakwai ko takwas da a ke zato, ga mai bincike mai kaifin ƙwaƙwalwa, a babin ƙarshe ya tara su ya nuna mai laifi. A Norwe, Sven Elvestad, mai rubutu da sunan Stein Riverton, ya fitar da Keken Ƙarfe a 1909, inda mai ba da labarin da bakinsa shi ne ya yi kisan. Agatha Christie ta Ingila ba ta yi amfani da wannan dabara ba sai a 1926. A Suwidin kuwa wata malamar makarantar 'yam mata, Dagmar Lange, mai kiran kanta Maria Lang, ta fara a 1949, ta yi ta rubuta kusan littafi ɗaya kowace shekara har suka kai 40.

Akwai wani abin dariya da ya faru a Norwe cikin 1923, bai kamata mu wuce shi ba. Gab da bikin Ista, jaridar Aftenposten ta fito da wani babban kan labari a shafin farko, wai an yi wa jirgin ƙasa na Bergen fashi daren jiya. Hankalin mutane ya tashi, masu 'yan'uwa a jirgin suka shiga tambaya. Ashe talla ce ta wani sabon littafi da samari biyu, Nordahl Grieg da Nils Lie, suka rubuta. Littafin ya yi kasuwa, kuma tun daga nan ya zama al'ada a Norwe, in hutun Ista ya zo, mutum ya tafi bukkarsa ta kan dutse da littafin kisan kai a jaka. Har a jikin kwalin madara a kan buga musu ɗan labarin bincike a wannan lokaci.

Waɗannan duk na hira ne da kashe dare. Canji na gaske ya zo a shekarar 1965, daga hannun mutum biyu, mace da namiji, Maj Sjöwall da Per Wahlöö, 'yan Suwidin. Amma kafin mu faɗi abin da suka yi, sai mun san irin ƙasar da su ke ciki.

Tun 1928 wani shugaban jam'iyyar ma'aikata, Per Albin Hansson, ya ce ya kamata ƙasa ta zama gida guda ga jama'a duka, ba ɗan mowa ba ɗan bora. Jam'iyyarsa ta kama mulki a 1932, kuma ban da 'yan watanni a 1936, ba ta sake shi ba sai 1976. A cikin waɗannan shekaru aka faɗaɗa fansho ga tsofaffi, da magani da karatu a kan aljihun gwamnati, aka kuma kafa kuɗin renon yara. Daga 1965 zuwa 1974 aka gina gidaje miliyan ɗaya. Aka rushe tsofaffin unguwannin tsakiyar Istokholm, aka kafa dogayen benaye na siminti. Baƙi daga ko'ina suna zuwa kallo, suna komawa gida da yabo.

Sjöwall da Wahlöö 'yan jarida ne, masu ra'ayin gurguzu, kuma ba su yarda da wannan yabo ba. A ganinsu ƙasar ta zama kyan ɗan maciji: a waje sumul, a ciki kuwa tsofaffi na mutuwa su kaɗai a ɗaki ba mai leƙa su, samari na shan ƙwaya, masu kuɗi na ƙara ƙiba. Sun san in suka rubuta wannan a takardar siyasa, 'yan ƙalilan za su karanta. Saboda haka suka shirya dabara. Za su rubuta littattafai 10 na 'yan sanda, ɗaya kowace shekara, su ɗauke su duka tamkar labari guda mai suna Labarin Wani Laifi. Littattafan farko za su zama na bincike zalla, don mai karatu ya saba da mutanen ciki, sa'an nan a hankali a riƙa ƙara gishirin siyasa. Laifin da su ke nufi da sunan nan kuwa shi ne wanda su ke ganin masu mulki sun yi wa talakawa. Da dare su ke aikin, bayan yara sun yi barci, su zauna a tebur guda suna fuskantar juna, wannan ya rubuta babi, wannan ta rubuta na biye, sa'an nan su musanya kowa ya gyara na ɗan'uwansa.

Jarumin nasu, Martin Beck, ba shi da kamar jarumi ko kaɗan. Sufeto ne mai yawan mura, cikinsa ba ya son kofi amma ba ya bari, shi da matarsa ba sa jituwa, abin da ke faranta masa rai kawai shi ne haɗa 'yan ƙananan jiragen ruwa na katako. Kuma ba shi kaɗai ya ke aiki ba. Akwai abokinsa Kollberg, wanda ya daina ɗaukar bindiga tun da ya harbe wani abokin aiki bisa kuskure. Akwai Melander mai riƙe kome a ka, da Gunvald Larsson, ƙato mai kaushin baki. A nan aikin ɗan sanda ya fito yadda ya ke: buga waya, jiran amsa, ƙwanƙwasa ƙofofi, tsayuwa cikin ruwan sama, da bin hanyar da ba ta ɓullewa.

Dubi littafin farko, Roseanna. Masu yashe wata hanyar jiragen ruwa kusa da garin Motala suka tsamo gawar wata mace, ba tufafi, ba takarda. Wata uku cur ba a ko san sunanta ba. Daga baya labari ya zo daga Amurka cewa wata ma'aikaciyar laburare ta tafi yawon buɗe ido ba ta komo ba. Sai Beck da mutanensa suka shiga rubuta wa fasinjojin jirgin da ta shiga, waɗanda suka watsu ƙasa ƙasa, suna roƙon hotunan da suka ɗauka a tafiyar. Cikin hotunan nan aka ga wani mutum kusa da ita. Da aka kama shi, bayan fiye da wata shida, sai ga shi ma'aikacin ofis ne, mai tsabta, mai zuwa aiki kan lokaci, irin wanda maƙwabta za su rantse a kansa.

A shekarar da littafin ya fito ne aka haɗe 'yan sandan Suwidin suka koma ƙarƙashin gwamnatin tsakiya. Kafin nan kowane gari da nasa, kamar yadda a da kowace En'e ta ke da nata 'yan doka. Marubutan biyu sun ƙi jinin wannan canji, don a ganinsu ya mai da ɗan sanda soja, ya raba shi da mutanen unguwa, ya ɗora shugabanni masu son bindigogi da jirage masu saukar ungulu. Su kan yi wa shugabannin nan ba'a har mai karatu ya yi dariya. Littafi na huɗu, Ɗan Sanda Mai Dariya, na 1968, inda aka harbe mutum 9 a cikin motar safa, ya ci babbar kyautar Edgar ta Amurka a 1971. A na tara Kollberg ya gaji, ya ajiye aiki. Gaskiya dai, a littattafan ƙarshe wa'azin siyasa ya kan yi yawa, har wani lokaci ya danne labarin, kuma ba duk abin da suka zargi ƙasarsu da shi ne ya tabbata ba. Amma mutanen da suka ƙaga suna da rai, shi ya sa har yau a ke karanta su.

Na goma, 'Yan Ta'adda, sun gama shi Wahlöö yana fama da ciwon ajali. Ya rasu a 1975, shekarar da littafin ya fito, yana da shekara 48. A cikinsa wata yarinya matalauciya, wadda ta yi ta yawo ofis ofis ba wanda ya saurare ta, ta harbe Firayim Ministan Suwidin. Masu karatu suka ɗauka ƙage ne irin na marubuta, gama a ƙasar ministoci na yawo a titi kamar kowa.

Bayan shekara 11, ran 28 ga Fabrairu 1986, Firayim Minista Olof Palme ya tafi silima da matarsa Lisbet, ba tare da masu tsaro ba. Suna komawa gida a ƙasa, wajen ƙarfe 11 da minti 20 na dare, wani ya zo ta baya a titin Sveavägen ya harbe shi, ya haura wata matattakala ya ɓace. 'Yan sanda suka rikice. Ba a killace wurin sosai ba, har harsasan biyu ma mutanen gari ne suka tsinto su. Shugaban binciken ya ɓata kusan shekara yana bin wata ƙungiyar Kurdawa, bai sami kome ba. A 1989 kotu ta ɗaure wani mutum, kotun sama ta sake shi a wannan shekara. Duk sakarcin manya da Sjöwall da Wahlöö suka yi wa dariya, sai ga shi a fili, ba kuwa abin dariya ba. Daga ran nan mutanen Suwidin suka daina ganin ƙasarsu kamar wani tsibiri da sharrin duniya ba ya kaiwa, kuma marubutan da suka biyo baya a cikin wannan inuwa suka yi rubutu.

Babbansu shi ne Henning Mankell, wanda aka haifa a 1948. Rabin zamansa a Afirka ya yi shi, a Maputo ta ƙasar Mozambik, inda ya ke shugabantar wani gidan wasan kwaikwayo. Da ya komo gida bayan wata doguwar tafiya, ya tarar ƙin baƙi ya yi ƙarfi, sai ya ƙudura zai rubuta a kansa. Tun da ya ke ƙin mutum saboda launinsa laifi ne a ganinsa, ya ce labarin na bukatar ɗan sanda. Haka aka sami Kurt Wallander na ƙaramin garin Ystad, a kudancin ƙasar, mutum mai kaɗaici, matarsa ta bar shi, ga tsohon uba mai rigima. A littafin farko, Makasa Marasa Fuska, na 1991, an kashe wani tsohon manomi da matarsa, kuma kalmar da matar ta furta kafin ta cika ta nuna baƙi ne. Maganar ta fita zuwa jaridu. Kafin a kama kowa, an sa wa sansanin 'yan gudun hijira wuta, an harbe wani Basomale da bai san hawa ba bai san sauka ba. Watau kisan farko ƙofa ce kawai, abin da Mankell ke son a gani shi ne abin da garin ya yi bayan ya ji. Littattafansa sun haura miliyan 40 a kasuwa. A na ƙarshe, cikin 2009, bai ba Wallander mutuwar jarumi ba, ciwon mantuwa ya sa masa. Shi kansa ya rasu a 2015.

A Denmak, Peter Høeg ya taɓo wani miki dabam a 1992, watau yadda ƙasarsa ta riƙe mutanen tsibirin Girinlan da ta mulka. Wani yaro ɗan tsibirin ya faɗo daga rufin bene a Kopenhegan, 'yan sanda suka ce wasa ya ke yi. Amma maƙwabciyarsa Smilla, wadda uwarta 'yar can ce, ta iya karanta ƙanƙara kamar yadda maharbi ke karanta sawu a rairayi. Da ta dubi sawun yaron, ta gane gudu ya ke yi, wani na bin sa.

Wanda ya fi kowa kasuwa kuwa bai ga ko kwabo ba. Stieg Larsson ɗan jarida ne, ya ƙare rayuwarsa yana tona asirin ƙungiyoyin masu ƙin baƙi da mabiya aƙidar Hitila, a mujallar Expo da suka kafa a 1995. Da dare ya ke rubuta labaransa. Ya miƙa littattafai uku ga maɗaba'a, sai zuciyarsa ta buga a Nuwamba 2004, yana da shekara 50, ko ɗaya bai fito ba. Na farko ya fito a 2005 da suna Maza Masu Ƙin Mata. Tauraruwarsa Lisbeth Salander ce, 'yar siririyar yarinya gwanar kutse cikin kwamfuta, wadda hukuma ta kulle a asibitin mahaukata tun tana ƙarama don a rufe asirin wasu manya, sa'an nan wakilin da kotu ta naɗa ya kula da ita shi ne ya ci zarafinta. Ga limamin Vejlbye ya dawo cikin wata kama: takardu sun cika, sa hannu ya cika, an zalunci marar ƙarfi. Da waɗanda wasu marubuta suka ci gaba da su bayansa, littattafan sun wuce miliyan 100. Sai dai ya mutu bai bar wasiyya mai ƙarfi ba, kuma bai ɗaura aure da Eva Gabrielsson ba, matar da suka zauna tare shekara 32. Bisa dokar Suwidin dukiyar duka ta tafi ga ubansa da ƙanensa.

Daga nan kasuwa ta buɗe, masu rubutu suka yi yawa har ba su lissaftuwa. A Norwe akwai Jo Nesbø, tsohon ɗan ƙwallo kuma mawaƙi, mai Harry Hole, ɗan sandan Oslo mashayi, wanda ya fara a 1997. Mafi nauyin littattafansa shi ne na 2000, a kan 'yan Norwe da suka yi wa Jamus yaƙi a zamanin Hitila, abin da ya sani a gida domin ubansa na cikinsu. Anne Holt kuwa har ministar shari'a ta yi, daga 1996 zuwa 1997. Karin Fossum ta fi damuwa da zuciyar mai laifi da ta iyalan wanda aka kashe. A Aisland, inda mutane ba su kai dubu 400 ba, Arnaldur Indriðason ya ƙaga Erlendur, mai neman waɗanda suka ɓace tun da daɗewa, don shi ma ƙanensa ya ɓace a guguwar ƙanƙara suna yara. Talabijin ma ya shiga. A wasan Gada, na 2011, an ajiye gawa daidai kan iyaka a tsakiyar gadar da ta haɗa Denmak da Suwidin, don dole 'yan sandan ƙasashen biyu su yi aiki tare.

Ba duka ne na ƙwarai ba. Da masu maɗaba'a suka ga abin na kawo kuɗi, sai kowane littafi aka sa masa ƙanƙara a bango da ɗan sanda mai baƙin rai a ciki. Waɗansu marubuta suka shiga gasar wa zai fi ƙaga mummunan kisa, galibi kuwa a jikin mata, har ya zamana gawa ita ce gaba, jama'ar da aka ce za a duba an manta da ita. Ƙasar ma ta canja ta bar su a baya. Tashin hankalin da ya fi damun Suwidin a 'yan shekarun nan shi ne harbe-harben gungun samari masu fataucin ƙwaya, wanda ya ci fiye da mutum 60 a 2022, yawancinsa a unguwannin nan na benayen siminti da aka gina zamanin Martin Beck.

Maj Sjöwall ta rayu shekara 45 bayan abokin zamanta, ba ta ƙara rubuta ko littafi ɗaya na Beck ba, ko da ya ke an yi ta yin fim da sunansa. Ta rasu ran 29 ga Afrilu 2020. Bayan mako shida, ran 10 ga Yuni, mai gabatar da ƙara ya sanar an rufe binciken kisan Palme. An shekara 34 ana yinsa, an yi wa mutum fiye da dubu 10 tambayoyi, fiye da 130 sun zo da kansu sun ce su suka yi. Ya ambaci sunan wani ma'aikacin kamfanin inshora da ke kusa da wurin, amma mutumin ya mutu tun shekarar 2000, ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba, kuma mutane da yawa ba su gamsu ba. Bindigar kuwa ba a same ta ba.